Sharhi: Wa Ke Duba Mudun Da Ake Auna Masu Neman Aiki?

Sharhinmu na yau zai kai mu Amurka, inda ake samun matasa daga cikin tsiraru, wato baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka da jikokin mutanen farko na ƙasar, suna zaɓar yin digirin digirgir a wani fanni da ba kasafai ake jin sunansa ba: ilimin halayyar ɗan Adam a wurin aiki. Masu wannan ilimi su ne ke tsara jarrabawar ɗaukar ma'aikata, da tambayoyin intabiyu, da ma'aunin da ake bi wajen ƙarin girma. Karatun yakan ci shekara biyar ko fiye, kuma lissafi da ƙididdiga ne ƙashin bayansa. Mai sauraro zai iya cewa, yaron da ya fito daga unguwar talakawa, in taimakon mutanensa yake so, me ya hana shi karanta likitanci ko lauya?

Amsar tana cikin wata shari'a. A jihar North Carolina akwai tashar wutar lantarki ta kamfanin Duke Power a bakin kogin Dan. Shekara da shekaru, baƙar fata a sashe ɗaya kawai ake ɗaukarsu, sashen leburanci, inda albashi mafi tsoka bai kai mafi ƙanƙantar albashin sauran sassa ba. A 1964 aka kafa dokar kare haƙƙin jama'a wadda ta haramta wariya a wurin aiki. Ranar 2 ga Yuli 1965, wato ranar da ɓangaren dokar da ya shafi wurin aiki ya fara aiki, sai kamfanin ya fito da sabon sharaɗi: sabon ma'aikacin da ke son shiga sassa masu maiƙo sai ya ci wasu jarrabawa guda biyu, ban da takardar kammala sakandare da aka riga aka gindaya tun 1955. Babu inda aka rubuta launin fata. A takarda, kowa da kowa ɗaya ne.

To amma a jihar, ƙidayar 1960 ta nuna kashi 34 cikin ɗari na Turawa maza ne suka gama sakandare, baƙar fata kuwa kashi 12, saboda an daɗe ana tura 'ya'yansu makarantun da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Wani ma'aikacin tashar baƙar fata mai suna Willie Griggs da abokan aikinsa suka kai ƙara. A 1971 Kotun Ƙoli, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai Warren Burger, ta ba su gaskiya ba tare da alƙali ko ɗaya ya saɓa ba. Abin da ya kayar da kamfanin shi ne, ya kasa nuna cewa jarrabawar tana da alaƙa da aikin. Turawan da aka ɗauka tun kafin sharaɗin, ba takarda ba jarrabawa, suna nan suna aikinsu lafiya lau, har ana ƙara musu girma.

A nan ne mai wannan digiri yake da rana. Jarrabawar ɗaukar aiki mudu ce. In an lotsa gindin mudun, duk gaskiyar mai awo, sai an tauye mai saye, kuma ba zai gane ba sai an samu wanda ya san yadda ake gwada mudun kansa. Lauya zai iya tsayawa gaban alƙali, amma wanda zai zauna da sakamakon mutum dubu ya nuna cewa tambaya kaza ba ta bambance gwani da ɗan koyo, illa dai tana bambance wanda ya tashi a unguwa kaza, wannan sai masani. A 1978 hukumomin gwamnatin Amurka suka fitar da ƙa'idar kashi huɗu cikin biyar: idan an ɗauki Turawa 60 daga cikin 100 da suka nema, amma baƙar fatar da aka ɗauka ba su kai 48 cikin 100 ba, to akwai alamar tambaya, sai kamfani ya yi bayani.

Tsirarun Amurka sun daɗe da gane ƙarfin irin wannan hujja. Francis Sumner shi ne baƙar fata na farko da ya samu digirin digirgir a ilimin halayyar ɗan Adam a ƙasar, a 1920. Ɗalibinsa Kenneth Clark da matarsa Mamie, dukansu masu digirin digirgir daga Jami'ar Columbia, su ne suka yi gwajin nan na 'yar tsana, inda yara baƙar fata da yawa suka fifita farar 'yar tsana a kan mai kama da su. Kotun Ƙoli ta ambaci aikin Clark a hukuncin 1954 da ya rushe wariya a makarantu. Abin da ya fi burge ni game da ma'auratan nan shi ne, tun 1946 suka buɗe cibiyar kula da yara a unguwar Harlem, cikin mutanensu, ba su tsaya a harabar jami'a ba.

Kada a ɗauka zancen ya zama tarihi. A wani bincike da aka wallafa a 2004, Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan sun aika takardun neman aiki kusan 5,000 ga kamfanoni a Boston da Chicago, suka raba musu sunayen Turawa da na baƙar fata ba tare da zaɓe ba. Masu sunayen Turawa irin su Emily da Greg sun fi masu sunaye irin su Lakisha da Jamal samun kira da kashi 50 cikin ɗari. Yanzu kuma tantancewar ta koma hannun kwamfuta. A 2018 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa Amazon ya yi watsi da wata manhajar tace masu neman aiki bayan an gano tana rage wa mata maki, domin daga tsofaffin takardun da maza suka mamaye ta koyi aikinta. Ga shi kuma a Afrilun 2025 Shugaba Trump ya sa hannu a kan umarnin da ya ce hukumomin tarayya su ja baya daga bin irin ƙarar da Griggs ya yi nasara da ita. In gwamnati ta janye, nauyin ya koma kan masanan da ke cikin kamfanonin.

Sai dai ina da fargaba, kuma ba zan ɓoye ta ba. Wanda ya gama wannan karatu, manyan kamfanoni ne ke rububinsa da albashi mai kauri, kuma abu ne mai sauƙi a mayar da shi ado, a ba shi ofis da taken jami'in daidaito, ya riƙa shirya taron bita na yini guda. Frank Dobbin da Alexandra Kalev, da suka bi bayanan ɗaruruwan kamfanonin Amurka na tsawon shekaru, sun gano cewa bitar dole ba ta ƙara yawan tsiraru a kujerun shugabanci, wani lokaci ma raguwa suke yi. Abin da ya yi tasiri shi ne haɗa ƙaramin ma'aikaci da babba mai ja masa gora, da zuwa neman ma'aikata takanas inda tsiraru suke, da ɗora wa wasu shugabanni alhakin sakamakon. Mai digirin da ya san haka, ya kuma yi shiru don kare kujerarsa, ya ci amanar waɗanda ya ce dominsu ya yi karatun.

Mu ma a Najeriya maganar ta shafe mu. Tun Hukumar Willink ta 1957 ake sauraron koken ƙananan ƙabilu, kuma sashe na 14 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanadi raba muƙamai bisa daidaito, ga kuma hukumar da aka kafa musamman domin hakan. Amma hukumar jihohi take ƙirgawa. Wa zai duba ko jarrabawar kwamfuta da ake yi wa masu neman aikin gwamnati tana auna iya aiki ne, ko kuwa tana auna wanda ya saba taɓa kwamfuta tun yana firamare? Wa zai bi sawun abin da ke faruwa da mace, ko mai buƙata ta musamman, ko ɗan ƙaramar ƙabila, shekara goma bayan an ɗauke shi? Asusun TETFund yana biya wa malaman jami'a kuɗin digirin digirgir a gida. Ya kamata sassan nazarin halayyar ɗan Adam na jami'o'inmu su tura ɗalibai kan waɗannan tambayoyi, hukumomin ɗaukar aiki kuma su buɗe musu sakamakon jarrabawarsu su bincika.