BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

A watan Satumba na kowace shekara, lokacin da makarantu suka dawo daga dogon hutu, akan yanke wa dubban yara hukuncin da zai bi su har tsufansu, kuma sau da yawa akan yanke shi ne cikin 'yan mintoci a bakin ofishin mataimakin shugaban makaranta. Yaron da ya gama aji uku na ƙaramar sakandare yakan shiga layi, a tambaye shi ajin da yake so cikin uku: na kimiyya, ko na kasuwanci, ko kuwa na adabi da zaman jama'a, watau waɗanda yaran ke kira sayans da kamashiyal da at. Yaro ɗan shekara 14 ko 15 sai ya waiwaya ya ga inda abokinsa ya nufa, shi ma ya faɗa can. A yawancin gidaje ba wanda ya san an yi wannan zaɓe, sai bayan shekara uku, ranar da za a cika takardar neman shiga jami'a.

Wannan magana ta shafi 'yan Arewa mazauna Kurmi fiye da kowa, musamman mutanen ƙasar Mubi da maƙwabtanta, Maiha da Hong da Michika da Madagali. Sanin kowa ne cewa da yawa daga cikinsu sun bar iyali a gida. Wani yana Agege ko Idi-Araba a Ikko, wani yana Sabon Badun ko Shagamu, wani yana kasuwar shanu ta Lokpanta, wani kuma yana Anaca ko Fatakwal, ana fatauci, ana canji, ana gadi, ana dako. Ba mai zargin waɗannan magidanta da rowa wajen karatun 'ya'yansu. Kuɗin littattafai da na kayan makaranta sukan isa Mubi a kan kari, ko da kuwa uban zai kwana da yunwa a rumfar kasuwa. Abin da ba ya isa shi ne shawara. Akan bar ta a hannun mahaifiya, wadda wataƙila ba ta sami zarafin yin boko ba, ko a hannun baffa da ke fama da nasa 'ya'yan.

Ya kamata iyaye su fahimci yadda aka gina tsarin, domin a nan ne tarkon yake. Manufar ilmi ta ƙasa da aka fitar a 1977, aka soma aiki da ita a 1982, ita ce ta raba sakandare gida biyu, shekara uku uku. Nufin masu tsarin shi ne a yi amfani da shekaru ukun farko a gane inda basirar yaro ta karkata, sa'an nan a sa shi a kan hanyar da ta dace da shi. Bayan babbar sakandare yaro zai rubuta jarrabawar WAEC ko NECO, inda ake neman ya sami kiredit biyar a darussan da suka dace da fannin da yake nema, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. Kiredit kuwa daga A1 ne zuwa C6. Abin da ya yi ƙasa da haka ba ya shiga lissafi. Sai kuma jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, inda ake rubuta darussa huɗu, Turanci da wasu uku.

Waɗannan ukun ba yaro ne ke zaɓen su yadda ya ga dama ba. Mai son likitanci, na mutane ko na dabbobi, dole ne ya rubuta Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Mai son aikin injiniya zai rubuta Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Mai son aikin lauya ba shi da makawa sai da Adabin Turanci, ya haɗa da irin su ilmin Gwamnati ko Tarihi ko ilmin Addini, na Musulunci ko na Kirista. Mai son aikin akanta yana bukatar Lissafi da ilmin Tattalin Arziki. Ke nan yaron da ya ajiye Kemistiri a aji ɗaya ya rufe wa kansa ƙofar asibiti tun kafin ya san akwai ta, haka nan wanda bai taɓa buɗe littafin Adabin Turanci ba ya yi sallama da kotu. Canjin aji a shekarar ƙarshe kuma ba abu ne mai sauƙi ba, saboda makin gwaje-gwajen da makaranta ke tarawa tun daga aji ɗaya ana aika shi ga hukumar jarrabawa, ban da karatun shekara biyu da ya wuce yaron.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a warware. A 2025 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta sanar cewa kiredit a Lissafi ya daina zama sharaɗin shiga jami'a ga masu neman fannonin adabi, sai labari ya bazu cewa an soke Lissafi. Ba a soke shi ba. Ma'aikatar ta biyo da bayanin cewa kowane ɗalibi zai ci gaba da rubuta shi, kuma sharaɗin yana nan daram ga fannonin kimiyya da fasaha da zaman jama'a. Ɗan kasuwar da ya san zafin a cuce shi a ƙidaya ba ya bukatar a yi masa wa'azi a kan amfanin Lissafi.

Kuskuren da ya fi yawa, kuma ya fi ciwo, daga wajen iyaye maza yake fitowa. Uba yana zaune a Ikko yana ganin likitoci da injiniyoyi 'ya'yan Yarbawa da Ibo, zuciyarsa ta ɗauki kishi, wanda kishi ne mai kyau, sai ya buga waya gida ya ce lalle a sa ɗansa ajin kimiyya. Bai tambayi makin yaron a Lissafi ba, bai tambaya ko makarantar tana da malamin Fiziks ba, balle ɗakin gwaje-gwaje mai kayan aiki. Yaro ba ya iya musa wa mahaifinsa, sai ya ce, "To, Baba." Ya yi shekara uku yana kwafar abin da ke kan allo ba tare da ya gane ba, ranar sakamako a ga kiredit biyu ko uku. Daga nan sai a shiga biyan kuɗin sake jarrabawa shekara bayan shekara, ko a faɗa hannun masu cibiyoyin satar amsa, waɗanda ke sayar wa yaro takardar da ba zai iya kare ta ba a aji ɗaya na jami'a. Alhali wannan yaron, da an bar shi a ajin kasuwanci, da tuni ya yi nisa. Burin uba ne aka ɗora wa ɗa, kuma kayan ya fi ƙarfin wuyansa.

Ɗaya ɓangaren kuma ba a cika maganarsa ba. Akwai yara masu kaifin ƙwaƙwalwa da ke sulalewa daga ajin kimiyya don tsoron wahala, ko don an ce musu ajin ya cika. 'Yan mata ne wannan ya fi ci. Akan ce ai aure za ta yi, kowane aji ma daidai ne. Amma magidancin da ke faɗin haka shi ne kuma zai ɓata rai ranar da ya kai matarsa asibiti bai tarar da likita mace ko ungozoma ba. Makarantun koyon aikin jinya da ungozoma Fiziks da Kemistiri da Bayoloji suke nema, ba sa karɓar uzuri.

Abin takaicin shi ne Mubi ba ta rasa inda za ta kai yaranta ba. Garin da ya zama hedkwatar Lardin Sardauna bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 yana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a 1979, da Jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a 2002, da kwalejin horar da ma'aikatan lafiya. Ga Kwalejin Ilmi a Hong, ga ta aikin gona a Ganye, ga Jami'ar Modibbo Adama a Yola, inda kuma Makarantar Horar da Lauyoyi ta ƙasa ke da reshe. Garuruwa kaɗan ne a Arewa ke da irin wannan rabo. Waɗannan makarantu sun sha wuya, an kashe ɗalibai a unguwar Wuro Fatuje a watan Oktoba na 2012, kuma a ƙarshen Oktoba na 2014 Boko Haram ta kama garin, jama'a suka watse kafin a ƙwato shi a watan Nuwamba. Duk da haka makarantun sun sake buɗewa. Zai zama abin kunya a ce 'ya'yan wasu jihohi suna ratso ƙasa su zo su cika gurabensu, ɗan gari kuwa yana waje saboda darasi ɗaya da bai ɗauka ba.

Har wa yau, mutanen Mubi ba sa bukatar su yi nisa wajen neman misalin sana'a, domin tana nan a kasuwar shanunsu, wadda ke cikin mafi girma a ƙasar nan. Shanun da ake lodawa a tirela daga can su ne ake saukewa a Kara da mayankar Oko-Oba. Wa ke duba lafiyarsu kafin a loda? Wa ya san haɗin abincin da zai sa sa ya yi ƙiba cikin wata uku? Wa ke riƙe wa dillali littafin kuɗi, ya rubuta masa yarjejeniya da mai mota, ya tsaya masa in rigima ta kai kotu? Likitan dabbobi ne, da masanin kiwo, da akanta, da lauya. Falken da ya yi shekara 20 yana biyan 'ya'yan wasu ladan waɗannan ayyuka ya fi kowa sanin darajarsu. Likitancin dabbobi karatun shekara shida ne, ana yin sa a Maiduguri da Zariya da Sakkwato, kuma ƙofarsa ita ce ajin kimiyya. Sa'an nan ga iyakar Kamaru a bayan duwatsun Mandara. Yaron Mubi da ya riƙe Faransanci, ya haɗa da Hausa da Fulatanci da Turancinsa, ya sami jarin da ɓarawo ba ya iya ɗauka, amma iyaye nawa ne suka taɓa tambaya ko ana koyar da shi a makarantar ɗansu?

Dole kuma a faɗi gaskiya game da raina aikin hannu. Tun 2011 aka shigar da darussan sana'a cikin manhajar babbar sakandare, a 2025 kuma aka taƙaita su zuwa shida, ciki har da haɗa wutar sola, da gyaran kwamfuta da wayar hannu, da ɗinki, da kiwon dabbobi. Yara da yawa suna ɗaukar darasin sana'a a matsayin ciko. Mazauna Ikko kuwa sun ga Alaba da Ladipo da kasuwar kwamfuta ta Ikeja da idonsu, sun ga yaran da suka fara da sukundireba a hannu yau suna da shaguna da yara. Kwalejojin koyon sana'a suna da jarrabawarsu ta NABTEB, wadda aka kafa hukumarta a 1992, kuma ana shiga manyan makarantu da takardarta. Ƙaramar difloma shekara biyu ce, mai ita yana iya zarcewa babbar difloma ko ya nemi shiga aji biyu na jami'a. Wanda ya bi wannan hanya bai faɗi ba.

Abin da ake nema daga uba bai kai wahalar lodin tirela ɗaya ba. Wayar da yake jin farashin shanu da ita ta isa a ɗauki hoton takardar sakamakon yaro ta aji ɗaya zuwa uku a turo masa, in ba ya karanta boko ya nemi wanda zai karanta masa. Ya nemi lambar malamin ajin, ya gaishe shi da girmamawa, ya ce, "Malam, a ina ka ga yaron nan ya fi ƙarfi?" Malamai sun san amsa, tambayarsu ce ba a yi. Sa'an nan ya kira yaron shi kaɗai, ba a gaban baffanni ba, ya saurare shi kafin ya ba da umarni. In zai zo gida sau ɗaya a shekara, gara ya daidaita zuwan da makon komawa makaranta, zuwa da kai ya fi saƙo. Mai niyyar ɗauke yaro daga makarantar Kudu ya mai da shi Mubi, ko daga Mubi zuwa Kudu, ya yi haka kafin a shiga babbar sakandare, don ba kowace makaranta ke koyar da darussan da ɗayar ke koyarwa ba. Ya kuma tabbata sunan yaro da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a rajistar makaranta da lambar shaidar ɗan ƙasa, domin tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da ita, kuma bambancin harafi ɗaya yakan jawo zirga-zirgar watanni.

Hukuma ma tana da nata kason. Manufar ilmi ta tanadi malamin ba da shawara a makarantun sakandare, amma a wurare da dama suna ne kawai, an ɗora wa wani malami da ke fama da azuzuwa biyar. Wajibi ne Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Adamawa ta sa kowace makaranta ta kira taron iyaye kafin a raba yara azuzuwa, ta kuma bayyana a fili makarantun da ke da malaman kimiyya da waɗanda ba su da su, don kada a riƙa buɗe ajin kimiyya a inda ba mai koyarwa. Wakilan Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu a majalisa su bi wannan magana. Ƙungiyoyin 'yan asalin Adamawa da ke Kudu, da sarakunan Hausawa na unguwanni, da rassan jam'iyya da ke iya tara jama'a cikin dare ɗaya in zaɓe ya matso, su ware zama ɗaya a watan Agusta, su gayyato malami ko ɗalibin jami'a ɗan gida ya karanta wa iyaye jerin darussan da kowane fanni ke bukata, da Hausa, kafin motocin komawa makaranta su tashi.