A Sa Shaihu Umar a Gaban Ɗaliban Sakandare

Duk lokacin da hukumomin jarrabawa irin su WAEC da NECO suka sabunta jerin littattafan adabin Hausa, gardama ɗaya ce take tasowa a ɗakin malamai: cikin tsofaffin ƙagaggun labaran kasada da yawon duniya, wanne ya cancanci a zauna a kansa zango guda, ana bin sa shafi-shafi? Lokacin aji gajere ne, kuɗin littafi daga aljihun iyaye yake fita, kuma ga yara da yawa littafin da aka sa musu a sakandare shi ne kaɗai littafin zube na Hausa da za su karanta daga bango zuwa bango a rayuwarsu. Ra'ayin wannan jarida shi ne, idan ɗaya za a ɗauka, a ɗauki Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Littattafan da ake gardama a kansu kusan duk 'yan ɗaki ɗaya ne. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da boko, kuma daga wannan gasa aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East, sai Shaihu Umar, wanda marubucinsa a lokacin matashin malamin makaranta ne a Bauchi, bai daɗe da wuce shekara ashirin ba. Ba mu raina ko ɗaya daga ciki. Ruwan Bagaja ya fi kowa daɗin baki, kuma wanda bai yi dariyar yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke ƙulla wa juna tsiya ba, to bai san Hausa ba. Sai dai a wannan littafi wahala ba ta barin tabo. A ɗaure mutum yau, gobe ya kuɓuta ya rama, jibi a sake sabon lale a wani gari. Yaron firamare zai ci moriyarsa sarai, shi ya sa can ya fi dacewa da shi, kusa da Magana Jari Ce. Ganɗoki kuwa ya fara da ƙarfi, da kirari da yaƙin Nasara a ƙasar Kwantagora da Bida, amma da tafiya ta miƙa sai ya bar ƙasar mutane ya faɗa ta aljannu, inda takobi ke warware kowace matsala.

Shaihu Umar bai taɓa barin doron ƙasa ba. Malami ne a Rauta, kusa da Bauchi, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, shi kuwa ya kwashe labari tun daga Kagara. Mahaifinsa ya rasu, uwarsa ta auri Makau, bafaden da 'yan'uwansa fadawa suka ƙulla wa sharri har aka kore shi ya koma Maƙarfi. Uwar ta tafi Fatika ganin gida, aka sace yaron a bayanta. Kura ta kashe ɓarawon a daji, wasu mutane suka tsinci yaron, mahara suka sake kwashe shi zuwa Kano, daga nan ya shiga hannun Balarabe Abdulkarim wanda ya ƙetara Sahara da shi ya sa shi karatu har ya zama malami. Malamin da ya manna taswira a jikin allo zai iya sa ɗalibi ya fito ya bi wannan tafiya da yatsa: ga Zariya, ga Kano, ga Murzuk a kudancin Libiya, ga Tarabulus a bakin teku. Ayarin raƙuma, ƙishirwa, guguwar rairayin da ke binne fatake da kayansu, duk abubuwa ne da suka ci kakanninmu da gaske, a zamanin da Rabe yake cin ƙasar Barno. Kasadar da ke cikin littafin tana da tsada, kuma mai karatu yana ganin wanda ya biya. Yaro ɗan shekara goma sha shida ya isa ya gane bambancin labarin da jarumi ke tsallake rijiya da baya kullum da wanda rijiyar ke cin mutane.

Za a ce, kuma an sha faɗa, littafin cike yake da bauta, don me za a tono wa yara abin kunya? Wannan uzuri shi ya ƙara mana ƙarfin gwiwa. Turawan mulkin mallaka sun hana harin bayi da cinikinsu tun farkon zuwansu, suka ce duk wanda aka haifa bayan watan Maris na 1901 ɗa ne, amma sai a 1936 doka ta soke bauta ɗungurungum a Arewacin Nijeriya. Ke nan lokacin da aka buga Shaihu Umar a 1934, akwai mutanen da har yanzu a bayi ake lissafa su, kuma marubucin ya tashi a cikinsu. Bai yi wa'azi a kan lamarin ba, bai kuma wanke kowa ba. Ya nuna sarki yana tura hari kamar yadda ake tura farauta, ya nuna ana raba uwa da ɗa kamar ana raba kaya. An shafe shekaru da cire darasin Tarihi daga manhajar ƙananan makarantunmu kafin a dawo da shi, aka yaye ɗalibai masu ɗimbin yawa da suka san jiragen bayi na Tekun Atilantika daga finafinai, amma ba su taɓa jin hanyar Sahara ba. Gara yaro ya ji wannan a aji, daga alƙalamin ɗan gida, da malami a tsaye yana amsa tambayoyinsa. Akwai kuma tambayar da littafin ya bari a buɗe, wadda ta isa muhawarar mako guda: Abdulkarim ya riƙe Umar kamar ɗansa, ya ba shi ilimi, to alherin ubangida yana goge yadda yaron ya shigo hannunsa?

Suka ta biyu ta fi ta farko nauyi. Masu ita suna cewa Umar ba jarumi ba ne, ɗaukarsa ake yi daga hannu zuwa hannu, shi dai haƙuri da tawakkali, alhali labarin kasada yana bukatar mai abin yi. Akwai gaskiya a nan, Umar ya cika sanyi, kuma wani lokaci labarin yana wucewa da sauri a inda ya kamata ya tsaya. Amma masu sukar sun duba inda ba nan jarumtar take ba. Uwar Umar ce ta ɗaura ɗamara. Ita ta bar gida ta bi sawun ɗanta zuwa Kano, aka yaudare ta aka mai da ita baiwa, aka kai ta Murzuk, daga can Tarabulus, ba ta fasa nema ba har ta sa shi a ido, sannan rai ya yi halinsa. A littattafan wannan gasa babu macen da ta kai ta. A ajin da rabinsa 'yan mata ne, wannan kaɗai hujja ce. Ta fuskar fasaha ma akwai abin koyarwa a fili: labari cikin labari, mai ba da labari da ke faɗin abin da bai gani da idonsa ba, da zare biyu, na ɗa da na uwa, da suka rabu a Kagara suka haɗu a bakin Bahar Rum. Malami zai koyar da jigo da zubi da tsari ba tare da ya ƙaƙalo misali daga waje ba.

Saura masu cewa zamani ya wuce wurin, a ba yara littattafan marubutan Kano da na intanet da suke karantawa a waya. A ba su mana. Jerin jarrabawa yana da gurbi fiye da ɗaya, kuma adabin yau ya cancanci nasa. Amma wanda ya ce Shaihu Umar ya tsufa bai saurari labaran rediyo ba. Har gobe ana sace yara a ƙauyuka da makarantu, har gobe iyaye mata suna sayar da abin hannunsu suna bin sawu, kuma matasa daga Kano da Katsina da Damagaram suna hawa akori-kura a Agadas su nufi Libiya ta cikin hamadar da ayarin Abdulkarim ya ratsa, wasu su ƙare a hannun masu sayar da mutane. Ba sai malami ya ja kunnen kowa ba, ɗaliban da kansu za su haɗa.

Abin da ya rage aiki ne na ma'aikatun ilimi na jihohi. Littafin ƙarami ne, kamfanin NNPC na Zariya ya daɗe yana buga shi, don haka babu dalilin da zai sa yara biyar su yi cincirindo a kan kwafi ɗaya, ko su dogara da 'yan takardun taƙaitawa da ake sayarwa a bakin makaranta gab da jarrabawa. Kayan taimako ma suna nan. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mai da labarin wasan kwaikwayo, wanda aji zai iya rabawa ya taka a ƙarshen zango. Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976, aka daɗe ana zaton ya salwanta, sai aka gano shi aka gyara, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Masu kallo a Jamus sun gan shi. Ya kamata ma'aikatun su nemi izini a kai shi makarantun Bauchi da Zariya da Kano.