Wanda Allah Ya Mayar wa Hankalinsa, Mu Mayar Masa da Gurbinsa a Sahu



Ya ƴan'uwa masu sallah a masallatan Kelle, akwai haƙƙin da muke tauyewa ba mu ankara ba: haƙƙin ɗan'uwan da ya yi fama da taɓin hankali ko matsananciyar damuwa, aka kai shi Gure ko babban asibitin Damagaram, Allah Ya ba shi sauƙi ya dawo gida. Likita ya sallame shi, gari kuwa ya ƙi sakinsa. Yara na binsa da tsohon suna. A sahu ana barin tazara kusa da shi. In ya nemi aure a fara raɗa, in ya nemi jari a kau da kai.

Shari'a ba ta yi masa haka ba. An ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe har ya farfaɗo. A mazhabar Malikiyya ba ya rama sallolin da lokacinsu ya fita yana cikin wannan hali, azumi kawai yake ramawa. Ranar da hankalinsa ya dawo, ya koma cikakken mukallafi. Wanda Ubangiji Ya karɓi tsayuwarsa, mu su wane ne da za mu ƙyamaci kafaɗarsa?

Wannan ciwo jarrabawa ce, kuma baƙin ciki ba alamar raunin imani ba ne. Annabi Yaƙub (AS) ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har ganinsa ya tafi. Magabata ma sun nemi maganinsa: Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya yi rubutu kan jinyar damuwa da waswasi, kuma asibitin Mansuri da aka gina a Alƙahira a 1284 ya karɓi masu taɓin hankali.

Saboda haka abu uku ke kanmu. Na farko, kada wanda ya ce masa ya bar ƙwayoyin likita don ya ga sauƙi. Yanke magani farat ɗaya yakan dawo da ciwon. Ruƙya da addu'a su tafi tare da magani, domin Manzon Allah (SAW) ya yi umurni da neman magani. Na biyu, hanyar Damagaram na da nisa, kuɗin mota kaɗai kan hana talaka komawa ganin likita. Jama'ar masallaci su haɗa masa. Na uku, a ba shi abin yi, ko a gona ko a kasuwa, a kira shi da sunan da mahaifinsa ya raɗa masa.

Hankali aro ne, Mai shi na karɓa lokacin da Ya so. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya dawwamar da ita ga waɗanda suka samu. Amin.