Kyankyaso a Allo, Fara a Gona

Ran 5 ga watan Janairu na shekarar 1996, gidan telebijin na Fox da ke ƙasar Amurka ya nuna wani kashi na shirin nan mai suna X-Files, wanda masu kallon tashoshin Faransa suka sani da sunan Aux frontières du réel. Kashin ya shafi kyankyasai, kuma mawallafinsa, Darin Morgan, ya dama ban tsoro da ban dariya cikin ƙwarya guda. Tun daga ranar ra'ayin masu kallo ya rabu a kansa.

Ga yadda labarin yake. A wani ɗan gari da aka laƙaba wa suna Miller's Grove, ana ta tsintar gawawwaki, kyankyasai na yawo bisansu. Mulder, ma'aikacin hukumar bincike ta FBI, ya zaci ƙwarin ne ke kisa, har ya yi tsammanin na ƙarfe ne da aka aiko daga wata duniya. Abokiyar aikinsa Scully, wadda likita ce, tana gida tana ba shi amsa ta wayar tarho: na farko jikinsa ne bai jure kyankyaso ba har numfashinsa ya sarƙe, na biyu kayan maye ne suka sa ya ga kamar ƙwari na shiga fatarsa, na uku kuwa jijiyar ƙwaƙwalwa ce ta fashe masa. Amma mutanen gari ba su tsaya jin bayani ba. Suka afka kanti suna wawar maganin ƙwari, motoci suna karo da juna, kowa na neman hanyar gudu. A ƙarshe wani wurin sarrafa taki ya yi bindiga, jaruman biyu suka fito kashin dabbobi ya lulluɓe su.

Waɗansu masu kallo sun ce ba su taɓa yin dariya a shirin kamar wannan rana ba. Waɗansu sun ce barkwanci ya ɓata musu tsoron da suka zauna nema, ya kuma zubar da girman jaruman. Waɗansu kuma ƙyama ce ta kama su, musamman da masu shirin suka sa hoton kyankyaso ya ratsa allo, yadda mai kallo zai ɗauka a ɗakinsa ƙwaron yake. Shi kansa mawallafin ya nuna bai gamsu da yadda aikin ya fito ba.

To, mai karatu a Garhanga yana iya tambaya: mene ne ruwan mutumin Adar da kyankyason Amurka? Hasali ma da za a nuna masa wannan kashi, yana da nasa ra'ayin na huɗu, wato ƙwaro ba abin wasa ba ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Manoman Keita da Buza da Madawa ba su manta farar ɗango ta 1988 ba, balle ta 2004, wadda ta haɗu da ƙarancin ruwan sama ta jefa jihar Tawa cikin ƙarancin cimaka na 2005. Hukumar abinci da aikin gona ta duniya, FAO, ta ƙiyasta cewa gungun fara mai faɗin kilomita ɗaya murabba'i yana ɗauke da fara wajen miliyan 40, kuma a wuni guda yana cin abin da zai ciyar da mutum 35.000. Mutumin da ya ga rana ta dushe da tsakar wuni, ya wayi gari hatsinsa ya zama kara, ba za a zarge shi ba in ya ƙi dariya.

Wannan hujja tana da nauyi, amma duk da haka ba ta kama wasan ba. Wanda ya kalle shi da natsuwa zai gane ba ƙwari ake yi wa ba'a ba. Mutane ake yi wa, waɗanda tsoronsu ya riga hankalinsu fita ƙofa. Sunan garin ma an aro shi ne daga Grover's Mill, inda Orson Welles ya ce baƙin wata duniya sun sauka, cikin wasan rediyon da ya yi ran 30 ga Oktoba 1938, wanda ya firgita waɗansu masu saurare, jaridu kuma suka ƙara wa labarin gishiri. A Miller's Grove, hargitsin da ya auku mutanen gari ne suka yi shi da hannunsu.

Wannan darasi kuwa na ko'ina ne. A yau wayar salula tana kai jita-jita daga kasuwa zuwa kasuwa kafin malamin gona ya hau babur. Hoton fara da aka ɗauka a wata ƙasa shekarun baya yana iya sa mai hatsi ya rufe rumbu, farashin tiya ya hau, talaka ya sha wuya tun fara ba ta tashi daga Tamesna ko Ayar ba, inda take hayayyafa. Cikin gidaje kuma, tsoron kyankyaso da kuɗin cizo yana sa a yayyafa piya-piya a ɗaki, a rufe ƙofa yara na kwance. Akwai mai zuba guba cikin wake don gudun ƙwaro, alhali buhun nan mai ruɓi uku yana kashe shi ba tare da magani ba. Akwai kuma mai kwasar farar da aka yi wa feshi ya soya ya kai kasuwa. Duk waɗannan, maganin ya fi cutar illa.

Saboda haka ya kamata a bambanta tsoro da hattara. Mai tsoro ihu yake yi, ya wawuri abin da hannunsa ya kai. Mai hattara kuwa yana duba gonarsa, in ya ga ƴaƴan fara sun taru ya sanar da mai gari da ma'aikatan kare tsirrai tun ba su yi fiffike ba, domin a lokacin ne yaƙinsu ya fi sauƙi. Dariya ba ta rage hattara. Abin da take ragewa shi ne firgici, kuma mutumin da ya yi wa gudunsa na jiya dariya, da wuya ya sake gudu gobe ba tare da ya waiwaya ba.

Ƙasar nan ba baƙuwa ba ce ga wannan hikima. Tun bayan buɗe Tele-Sahel a 1979, wasannin kwaikwayo na Hausa irin na ƙungiyar Yazi Dogo sun nuna ana iya gyara hali ta hanyar raha. Kira ga masu wasa da ma'aikatan rediyon karkara shi ne su ɗauki wannan batu: su tsara wasan da zai ba mutane dariya a kan mai yaɗa jita-jita da mai wasa da guba, ya kuma girmama manomin da fara ta taɓa ci. Masu kallon Amurka gardamar nishaɗi suka yi, amma a Adar magana ce ta rumbu da lafiyar iyali.

Allah ya kiyaye gonaki, ya ba da damina mai albarka.