Jiniyar Ayarin Manya da Kunnen Ƙaramin Ma'aikaci

Mazaunin Abuja kan yi tsaki idan jiniyar ayarin manya ta wuce, bayan minti guda ya manta. Ɗan sandan da ke zaune a bayan a-kori-kura, dab da bakin jiniyar, shi ke shan ta kullum, haka ma mai kula da janaretan ma'aikata.

Can cikin kunne akwai gaɓa mai siffar dodon-koɗi, ɗauke da ƙwayoyi masu gashi kimanin 16,000, waɗanda ke mayar da girgizar iska saƙon da ƙwaƙwalwa ke fassarawa. Wadda ƙara ta kashe ba ta sake tsirowa. Iyakar da masana lafiyar ma'aikata suka gindaya ita ce desibel 85 na awa takwas. Jiniya a kusa kan kai 120, inda daƙiƙoƙi kaɗan sun isa yin lahani.

Siraran sautuka irin su "s" da "f" ke fara ɓacewa. Mutum yana jin muryar maigidansa sarai, amma kalmomin sun cuɗe, sai a zarge shi da rashin natsuwa, wataƙila har da takardar gargaɗi.

Tun 2009 hukumar NESREA ke da ƙa'idojin taƙaita hayaniya. Ya kamata ma'aikatu su raba wa waɗannan bayin Allah matoshin kunne, su kuma riƙa gwada jinsu duk shekara.