Kada kunne ya riƙa yi maka rubutu

Mu faɗa wa juna gaskiya: da yawa daga cikin kurakuran Turancin da ke yawo a Facebook da WhatsApp, kunne ne ke jawo su. Ka ji kalma, sai ka rubuta ta yadda ta shigo maka.

A Hausa, garin Kano da garin tuwo rubutunsu ɗaya, baki ne ke raba su. A Turanci kuwa sau da yawa akasin haka ne: furuci ɗaya, rubutu daban, ma'ana daban. Their na nufin nasu, there kuma can. Principal shugaban makaranta ne, principle ƙa'ida ce. Weather yanayi ne, whether kuwa ita ce "ko". Idan ka rubuta wa mutum "bare with me" maimakon "bear with me", ba haƙuri ka ba shi ba, cewa ka yi ku tuɓe tare!

Kada ka ce ai wayata za ta gyara. Ina! Duka biyun kalmomi ne na gaskiya, don haka da wuya ta ja maka jan layi. A hira da abokai dariya kawai za a yi. A jarrabawar WAEC ko NECO maki ne zai tafi, a takardar neman aiki kuma ƙila a ajiye taka gefe tun daga layin farko.

Maganin mai sauƙi ne. Kafin ka tura, fassara kalmar zuwa Hausa a zuciyarka. In ma'anar ba ta zauna ba, buɗe ƙamus. Rigakafi ya fi magani.