Ladabin Tsayawa a Shingen 'Yan Sanda

Malam Edita,

Ina roƙon ɗan fili in yi wa 'yan'uwana direbobi nasiha bisa abin da na gani da idona a hanyar Kano zuwa Zariya, inda wani saurayi, da aka haska masa tocila da dare, maimakon ya raɓe gefen titi sai ya ƙara wuta har aka bi shi, alhali takardunsa cikakku ne, tsoro kawai ya ɗebe shi.

Abin da hankali ya hukunta shi ne, idan ɗan sanda ya tsayar da kai, ko jami'in Hukumar Kiyaye Haɗurra wadda aka kafa a 1988, ka tsaya a natse, ka kunna fitilar cikin mota in akwai duhu, ka bar hannuwanka bisa sitiyari inda zai gan su, kada ka zabura kana laluben ƙarƙashin kujera sai ka shaida masa lasisi da takardar inshora za ka ɗauko. Domin mai riƙe da bindiga shi ma ɗan Adam ne, da nasa fargaban. In kuwa an zalunce ka, bakin titi ba zauren alƙali ba ne: riƙe sunansa da ke ƙirjin rigarsa, ka kai ƙara daga baya. Rashawa kuwa haramun ce, ga mai bayarwa da mai karɓa.

Ina kira ga shugabannin tasha su karantar da yaransu wannan ladabi.

Wassalam,
Mai karatunku, daga Zariya